Tudun rage gudu ne ya rage haɗarin, ko faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

Wani dattijo a nan Jos, tsohon direban babbar mota kuma shugaban kwamitin unguwarsu, ya aiko mini da tambaya. Ya ce a tsakiyar 2023 suka yi karo-karo suka gina tudun rage gudu guda uku a titin da ya ratsa unguwar, bayan motoci da keke Napep sun kaɗe mutum shida cikin shekara guda, biyu daga ciki yara 'yan Islamiyya. A shekarar da ta biyo baya mutum biyu kacal aka kaɗe. Yanzu suna so su rubuta wa gwamnati cewa tudun ya rage haɗari da kashi biyu cikin uku, don haka a yi irinsa a duk titunan yankin. Sai ɗansa da ke jami'a ya ce wannan lissafi bai tabbatar da komai ba, har suka yi sa-in-sa. Ya nemi in raba musu gardama, in kuma faɗa masa gaskiyar abin da ake cewa a tasha, wai Vectra motar ajali ce, da kuma batun watannin "emba" na ƙarshen shekara da ake cewa haɗari ya fi yawa a cikinsu.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu jinya lafiya. Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba: a kan lissafin, yaron ya fi ka gaskiya. A kan tudun kuwa ina tare da kai, kada ku taɓa shi. Maganganun biyu ba sa karo da juna, kuma dalilin da ya sa ba sa karon shi ne duk abin da zan yi ta bayani a kai.

Akwai wani wasa da nakan yi da ɗalibaina a makon farko na darasin ƙididdiga. Nakan zo aji da 'ya'yan ludo cike da leda, in ba kowa ɗaya, in ce kowannenku mahaɗar titi ce, lambar da ta fito maka ita ce yawan haɗarin da aka yi a wurinka bana. Kowa ya jefa. Sai in ce waɗanda suka samu shida su miƙe, su ne wurare masu haɗari, su za mu yi wa magani. Maganin kuwa shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗora musu hulata a ka na daƙiƙa biyu. Ajin ya ɓarke da dariya. Sai in ce su sake jefawa. Wani ya samu biyu, wani huɗu, wani ɗaya, jefi-jefi wani ya sake samun shida. In aka haɗa aka raba, abin yakan tsaya wajen uku da rabi. Daga shida zuwa uku da rabi, ragin ya haura kashi 40 cikin 100. In rubuta a allo cewa hular malam ta rage haɗari da kashi 40, a nan dariyar take tsayawa, don kowa ya ga da idonsa hular ba ta yi komai ba. Mun dai zaɓo waɗanda suka samu lamba mafi muni ne, kuma lamba mafi muni ba ta da inda za ta nufa sai ƙasa.

To Alhaji, yaushe kuka gina tudun? Ba a shekarar da aka kaɗe mutum ɗaya ba. Sai da abin ya kai shida, ran kowa ya ɓaci, sannan aka zauna aka yi karo-karo. Haka ake yi ko'ina a duniya, ba a kai gyara sai inda abu ya yi tsanani. Wannan ya sa kusan duk abin da aka yi bayan mummunar shekara sai ya yi kama da magani, ko tudu ne, ko allon gargaɗi, ko ziyarar kwamishina. Wani Baturen Ingila, Francis Galton, ya bayyana wannan ɗabi'a ta alƙaluma a 1886, yana nazarin tsawon iyaye da 'ya'yansu: dogaye ƙwarai sukan haifi dogaye, amma 'ya'yan sukan ɗan koma kusa da tsaka-tsaki. Mu a aji muna ce masa komawa tsakiya. Kuma ya fi ƙarfi inda lambobin suke ƙanana. Keke ɗaya da ya kwashi yara uku a lokaci guda ya isa ya mai da shekarar mutum uku ta zama ta shida.

Kada ka ji kunya, gwamna guda ya faɗa wannan rami. A jihar Connecticut ta Amurka, mutum 324 suka mutu a haɗarin mota a 1955, adadi mafi yawa da suka gani tun shigowar shekarun 1950. Gwamna Abraham Ribicoff ya sa dokar ƙwace lasisin duk wanda aka kama da gudun wuce ƙima. A 1956 adadin ya sauka zuwa 284, gwamna ya fito ya ce an ceci rai 40. A 1968 wasu masana biyu, Campbell da Ross, suka ɗauko alƙaluman shekarun 1951 zuwa 1959, suka jera su kusa da na jihohin da ke maƙwabtaka. Sai ga shi dama can adadin yana hawa yana sauka da irin wannan tazara ba tare da wata doka ba, kuma 1955 shekara ce da ta fita zakka. Ba su ce dokar banza ce ba. Sun ce lambobi biyu, na bara da na bana, ba su isa shaida ba. Irin lambobi biyun nan ne a hannunka.

Sannan ka duba lokacin. Ka ce tsakiyar 2023. Ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. Kai shaida ne kan yadda tituna suka koma. Ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu a gida, mai zuwa Bukuru sau biyu a rana ya koma sau ɗaya, masu keke suna tsayawa a bakin Terminus sai sun cika kafin su tashi, wasu direbobin ma sun rage taka totur don tattalin mai. In motocin da ke bin titinku sun ragu, dole damar kaɗe mutum ta ragu, ko da tudu ko babu. Abubuwa biyu sun faru kusan lokaci guda, ku kuka ga wanda kuka yi da hannunku, shi kuka ba lada. Irin wannan ya faru a ƙasa baki ɗaya a 2020, lokacin kullen korona da hana tafiya tsakanin jihohi. Duk wanda ya ƙaddamar da shirin kiyaye haɗurra a watan Maris ɗin shekarar zai iya bugun ƙirji da alƙaluman Afrilu.

Ni ma abin ya taɓa cina, shi ya sa ba na yi wa kowa dariya. Shekarun baya ina tattara bayanan waɗanda aka kawo sashen gaggawa na wani asibiti sakamakon haɗarin hanya. Ina zaune a wani ɗan ɗaki mai warin tsohuwar takarda, ina buɗe manyan rajistocin nan masu baƙin bango, ina ƙirga da fensir wata bayan wata. Sai na iso wasu watanni biyu da adadin ya faɗi ƙasa warwas, kuma sun zo daidai da wani gangamin wayar da kan direbobi da aka yi a tashoshi. Raina ya yi fari, har na fara tsara yadda zan rubuta shi. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta leƙo kafaɗata, ta dubi kwanan watan, ta ce, "Malam, ai lokacin likitoci suna yajin aiki, asibitocin kuɗi ake kai su." Haɗarin yana nan yadda yake, rajistar ce ta daina gani.

Wannan matsala ta rashin gani babba ce a wurinmu. A shekarar 2016 adadin mutuwar da aka rubuta a hukumance a Najeriya dubu biyar ne da 'yan kai, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan 40,000. Ka san dalili fiye da ni. An kaɗe mutum da hantsi, 'yan'uwa sun ɗauke shi, an yi masa sutura bayan azahar, ba ɗan sanda, ba asibiti. Wani ya karye, an wuce da shi wurin mai ɗori. Wani ya cika bayan mako biyu a gida, takarda kuma ta riga ta ce rauni ya ji. Inda abin da ake rubutawa bai kai rabin abin da ke faruwa ba, buɗe sabon ofishin jami'an kiyaye haɗurra a kan wata hanya kaɗai ya isa ya sa adadin haɗarin hanyar ya "ƙaru", alhali ido ne ya ƙaru. Ku ma ku tambayi kanku: shidan nan da biyun nan, da ma'auni ɗaya aka ƙirga su? A shekarar ɓacin rai ko gurjewar gwiwa ana tunawa da ita. Bayan an gina tudu hankali ya kwanta, ƙaramin abu sai ya wuce ba wanda ya riƙe.

Batun Vectra gajere ne. Je ka tashar Bauchi Road da asuba ka ƙirga motocin da ke lodi, ka ga wace iri ce ta fi yawa. Motar da ta fi yawa a hanya, ta fi yin sawu, ta fi cin kilomita, ita za a fi gani a cikin rami. Ƙara da cewa tsohuwa ake sayo ta, a ɗora mata tayoyin da aka gama yayinsu a Turai, a cusa fasinja biyu a gaba huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan dankali da igiya, direba kuma yana sauri ya juyo don ya cika kuɗin balas. Da za a ƙwace Vectra a ba su wata mota da wannan lodi da wannan sauri, bayan shekara biyu ita za a riƙa kira motar ajali, kamar yadda a wasu hanyoyin ake faɗa wa Sharon da Golf da Hummer bas. An bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da nake so ta zauna a bakinka duk lokacin da aka kawo maka irin wannan adadi ita ce: cikin nawa? Haɗari goma cikin mota dubu da haɗari biyu cikin mota hamsin, na biyun ya ninka na farko sau huɗu.

Watannin "emba" kuwa, wato Satumba zuwa Disamba, na sha jin ana cewa lokacin ne masu shan jini ke fitowa hanya. Ai abin da ke fitowa hanya a fili yake. Damina ta ɗauke ta bar ramuka, amfanin gona ya iso, manyan motoci na kwasar tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa kudu, bukukuwan aure sun yi yawa, masu tafiya gida Kirsimeti sun cika tasha, hazo ya sauko, direban da ya saba sawu ɗaya yana yin biyu ba barci. Mu Musulmi ma muna da hanyar gwada wannan magana a hannunmu, don Sallah ba ta zama a wata ɗaya na Turawa, kowace shekara tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya. Babbar Sallar 2007 a Disamba aka yi ta, ta 2016 a Satumba, ta 2024 a Yuni. Kai da ka yi shekaru a kan sitiyari, cunkoso da gaggawar jajibiri sunan watan suke bi ko Sallar? Sunan wata bai taɓa fasa taya ba.

Akwai kuma inda ake juya sanadi a kifa shi. Wani direba ya taɓa ce mini, cikin raha amma da gaske yake, duk inda ka ga 'yan rodsefti sun yi yawa to nan ake haɗari, su ke firgita mutane. Hawan Kibo ya ba ni misali. To ai Hawan Kibo ya girmi hukumar rodseftin, wadda sai a 1988 aka kafa ta. Jos tana kan tsauni mai tsayin mita 1,200 da wani abu, mai gangarawa Akwanga kuwa dole ya sauke babban ɓangare na wannan tsayi a kwana-kwanan hawan. Tirela mai lodi in direba ya dogara da birki bai rage giya ba, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Wannan kai za ka koya mini. Haɗarin ne ya kawo jami'an da allunan gargaɗin, kamar yadda ciwo ke kai mutane asibiti ba asibiti ke kawo ciwo ba. Ban ce tsayar da mota a mummunan wuri ba ya jawo matsala ba, yana jawowa, amma wannan magana ce daban da ke buƙatar tata shaidar.

Yanzu bari in juyo kan ɗanka, don na san irinsu, ni nake koyar da su. Da zarar yaro ya koyi ƙa'idar cewa faruwar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne sanadin ɗaya, sai ya mai da ita sanda yana dukan kowace magana. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi naka haɗari, don shi ne ke sa a naɗe hannu. Cewa gudu yana kisa ba daga lambobi biyu aka samo shi ba. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai 100 tana cin kusan 28, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninka huɗu, ƙarfin bugun ma haka. An rage iyakar gudu a ƙasashe daban-daban, an ƙara a wasu, a lokuta daban-daban, kuma sakamakon yana fuskantar gefe guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shi da cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana kawo ƙarin kusan kashi 4 a haɗarin da ake rasa rai. In hanyar da abu ke aiki a bayyane take, aka gwada a wurare da yawa aka ga abu ɗaya, kuma gwargwadon ƙarinsa gwargwadon illarsa, to an wuce zancen dacewa.

Bel ɗin kujera misali ne mai kyau na yadda ake warware irin wannan ƙulli. Da aka ga masu ɗaura bel sun fi tsira, sai masu shakka suka ce ai dama mai ɗaura bel mutum ne mai natsuwa, ba ya gudu, ba ya tuƙi a buge, natsuwarsa ce ke cetonsa. Magana ce mai ma'ana. Sai masu bincike suka koma kan mutum biyu da ke gaban mota ɗaya, a haɗari ɗaya, gudu ɗaya, ɗaya ya ɗaura ɗaya bai ɗaura ba. A nan natsuwar direba ta fita daga lissafi, kuma bel ya ci gaba da nuna amfaninsa, yana rage mutuwar na gaba da kusan rabi. Haka ake yi wa shakka: a nemo kwatancen da zai cire ta, maimakon a tsaya ana ta maimaita ta.

Saboda haka tudunku ina kyautata zaton yana aiki, amma hujjata ita ce yana tilasta rage gudu a wurin da yara ke tsallakawa, kuma wannan abu ne da za ku iya aunawa da kanku ba sai an jira an kaɗe wani ba. Ku sami wuri a titin ku auna mita 50 da tef ɗin magina, ku sa alama a farko da ƙarshe. Ɗan naka ya tsaya da agogon wayarsa ya ɗauki lokacin mota hamsin ko ɗari, da safe lokacin makaranta da kuma bayan isha'i. Motar da ta cinye mita 50 cikin daƙiƙa 3 tana kan kilomita 60 ne, mai daƙiƙa 6 tana kan 30. Ku maimaita a wani titi mai kama da naku a faɗi da yawan jama'a wanda ba shi da tudu. Wancan titin shi ne ma'auninku, don cire tallafin mai ya shafe shi kamar yadda ya shafi naku. In za ku iya, ku zauna da mai unguwa da limamai da masu kemis na bakin titi ku tono abin da ya faru a titunan biyu shekara uku kafin tudun, ba shekara ɗaya ba. In ka ga uku, biyu, shida, sannan biyu, ka san shidan ce baƙuwa. In ka ga biyar, bakwai, shida, sannan biyu, kuma ɗaya titin bai motsa ba, to ka samu abin rubutawa da ƙarfin gwiwa.

Ku kuma leƙa layin bayanku. Sau da yawa masu keke da 'yan goyin, wato 'yan acaɓa, in suka gaji da hawa tudu sai su canza hanya su bi ta cikin lungu, haɗarin ya tashi daga gabanku ya koma ƙofar maƙwabta, inda ba mai ƙirgawa.

A takardar da za ku kai, ni dai da zan cire "kashi biyu cikin uku". Injiniyan da ya san aikinsa zai gane raunin adadin, ya yi amfani da shi ya ajiye takardar gaba ɗaya. Ku rubuta abin da kuka gani yadda yake, shida sannan biyu, ku haɗa da awon gudun, ku nemi a turo masana su duba. Kuma kada ku nemi a yi tudu a kowane titi. A kan gangara inda manyan motoci ke saukowa da lodi, ko a babbar hanya inda ake gudu da dare, tudun da ba a yi shi bisa ƙa'ida ba yana iya zama shi ne sanadin haɗarin. Naku ukun ma, in ba a shafa musu fenti fari da rawaya ba, a sayi galan ɗaya cikin ragowar kuɗin karo-karon kafin hazon Disamba ya sauko, a kuma kafa allo tun daga nesa don baƙon direba.